Ranar da Na Je Kurfi Mayar da Akwati

Akwai wata Alhamis da ba zan taɓa mantawa da ita ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ko ni na manta ma, Gwaggo Tabawa tana nan da ranta da lafiyarta, kuma ta ɗauki tuna mini a matsayin aikin lada. Ita ce ranar da na shiga mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, da akwati a but, da waya cike da hujjoji a jaka, zan je in fasa auren ƙanwata.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata, da aurena da 'ya'yana biyu, kuma a wancan lokacin ina fama da wani ciwo da ban san ciwo ba ne: na yarda cewa in aka ba ni shafin mutum na soshiyal midiya da minti goma, zan faɗi halinsa tun daga yaye. A ɗakin malamai har kawo mini waya ake yi, a ce in duba wane. Sau ɗaya na taɓa dacewa (na gane motar da wani saurayi ke jingina da ita a hoto ba tasa ba ce, don na hango mai motar zaune a ciki yana cin gyaɗa), shi ke nan sai kaina ya kumbura. Sauran lokutan da na yi kuskure kuwa babu wanda ya dawo ya faɗa mini, ni kuma ban je na tambaya ba.

Nafisa ita ce autarmu. Shekara goma sha ɗaya na ba ta, ni na goya ta, ni na yi mata kitson farko, saboda haka a raina na fi kowa iko da ita. Yarinya ce mai sanyi, irin wadda in ka taka ta ita za ta ba ka haƙuri. Da ta gama karatun ungozoma sai wani saurayi mai suna Sada ya fito, ɗan Kurfi, malamin dabbobi, wanda ke yawo a babur cikin ƙauyukan Barkiya da Tamawa yana yi wa shanu allura. Sau biyu na gan shi. Dogo ne, baƙi, ba ya iya haɗa ido da mutum, in ya gaishe ka sai ka ce masa ya ƙara murya. Nafisa kuwa in an ambaci sunansa sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ko da ba a ɗora komai ba.

Mahaifinmu, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma mutum ne da ba ya sayen buhu sai ya soka masa ƙarfe ya ga abin da ke ciki. Da magana ta yi ƙarfi sai ya yi abin da aka saba, ya tura ƙanen mahaifiyarmu, Kawu Lawal, ya je bincike. Kawu ya kwana biyu a Kurfi. Ya yi salla a masallacin unguwarsu Sada, ya zauna da liman, ya sha shayi a teburin mai shayin bakin layinsu, har kara, kasuwar dabbobi, ya shiga ya tambayi Fulanin da yaron ke duba wa shanu. Ya dawo ya ce shi dai bai samo abin faɗa ba: maraya ne, mahaifiyarsa ce ta raine shi da keken ɗinki, ba ya shan komai, ba ya rigima, kuma Fulani sun ce ko a tsakiyar damina aka kira shi yana zuwa. Alhaji ya ce alhamdulillahi. Aka kawo akwatin na-gani-ina-so, aka ce in wata ya kama za a zo a sa rana.

Ni kuwa ina gefe ina murmushin tausayi. Liman da mai shayi! A raina na ce wannan ai binciken zamanin da ne. Wa zai yi rashin kirki a gaban liman? Mutum na gaskiya yana cikin wayarsa.

Ban sha wahalar samo shafinsa ba. Ga sunansa cikakke, ga hotonsa yana tsaye kusa da wani bijimi, su biyun babu mai fara'a. Shi kansa bai sa komai a shafin ba tun shekara uku da suka wuce. Na kusa rufewa, sai shaiɗan ya ce in leƙa in ga su wa yake bi.

Mata. Daga sama har ƙasa mata. Amare, ƙawayen amare, masu tallan atamfa, masu tallan leshi, 'yan matan da ke juyi a gaban madubi. Babu malami ko ɗaya, babu ɗan ƙwallo, kai, ko shafin shanu babu, mutumin da shanu ne sana'arsa. Kuma ba bi kawai yake ba, duk hoton da na buɗe sai in iske jar zuciyar nan tasa a ƙasa. Na ƙara lura da lokacin da yake dannawa, sai na ga kullum da sassafe ne, ana idar da sallar asuba. Wato bawan Allahn nan ko azkar ba ya tsayawa yi, daga sallama sai kallon mata. Raina ya ɓaci. Kuma in faɗi gaskiya, ba ɓacin rai ne kaɗai ba, akwai daɗin cewa na ga abin da Kawu bai gani ba.

Na kira Nafisa ɗaki na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, “Yaya, shi fa ƙaramar waya gare shi, mai tocila. Da ita yake kirana. Ban taɓa ganin shi da babba ba.”

Na ce mata ita yarinya ce, ba ta san maza ba. Mai tocilar ta zuwa zance ce, babbar tana gida. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na ɗaga mata hannu irin yadda nake yi wa 'yan aji uku.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma mai bincike na ƙwarai ai ba ya tsayawa a zato, sai ya kama a hannu. Ranar Asabar na buɗe sabon shafi, na sa masa suna Gimbiya (kada a tambaye ni dalili). Ana buƙatar hoto, ni kuma ina da tsoron Allah, ba zan ɗauki hoton 'yar mutane ba. Sai na sa rigata da na fi ji da ita, wata atamfa mai ruwan ganye da aka yi wa wuya mai tattara da hannu mai faɗi, na tsaya gaban labulen ɗakina, na ɗauka daga wuya zuwa gwiwa, babu fuska. Na sa hoton, na bi shafin Sada, na kwanta. Washegari ina shafa addu'ar asuba, sai ga jar zuciya.

Na tura saƙo. Aka amsa da alamar babban yatsa. Na ƙara turawa, na ɗan zuba zuma. Aka amsa da zuciya. Kwana biyu ina rubuta wa saurayin ƙanwata kalaman da mijina na shekara tara bai taɓa ji daga bakina ba, shi kuma yana amsawa da yatsa da zuciya, yatsa da zuciya, bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba. Wannan ma na fassara shi: gwani ne, ba ya barin shaida a rubuce.

Ranar Litinin na sami Alhaji bayan la'asar na zube masa komai. Na ce Gimbiyar nan wata ƙawata ce na roƙa ta gwada shi (ƙarya ta farko da na taɓa yi wa mahaifina ina babba, kuma ta fito sumul har abin ya ba ni tsoro). Alhaji ba ya karanta boko sosai, amma ya ga hotunan mata, ya ga zukata, ya ji abin da na karanta masa. Fuskarsa ta canza. Kawu Lawal ya ce a yi haƙuri a kira yaron a tambaye shi, sai aka iske lokacin rigakafin shanu ne, yana can cikin dajin Barkiya kusan mako uku, waya ba ta cika shiga ba. Na ce ko an same shi ma musu zai yi. Alhaji ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga mai idon waje ba, ya hana Nafisa ɗaukar wayar Sada, ya ce ranar Alhamis yayarsa, Gwaggo Tabawa, ta mayar musu da akwatinsu. Ya ce in bi ta, tunda ni na gani da idona, in yi wa uwar yaron bayani don kada a ce mun wulaƙanta su babu dalili.

Nafisa ba ta yi gardama ba. Ita da kanta ta ninke kayan ta mayar cikin akwatin, turmi uku da mayafi da takalmi, ta rufe. Kwana uku tana shara da wanke-wanke da idanu a kumbure, ba ta cin abin kirki. Na ji tausayinta ƙwarai, amma irin tausayin da likita ke ji in zai yi allura. Har na dafa kafaɗarta na ce wata rana za ta gode mini.

A hanya Gwaggo carbinta kawai take ja. Da muka tsaya a ƙofar gidan, na ce wa direban Alhaji ya sauke akwati, sai ta ce, “Bar shi nan tukuna. Ba a shiga gidan mutane da mugun labari bisa kai. A gaisa dai.” Na ga wannan ɓata lokaci ne, amma na bi ta muka shiga.

Gidan ƙarami ne, na ƙasa, an share tsakar gidan tas. Mahaifiyar Sada, Inna Hurera, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai tef ɗin awo rataye a wuya. Tana bisa keken ɗinki a ƙofar ɗaki muka yi sallama. Da ta gane ko su wane ne sai ta rasa inda za ta sa mu. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta ɗora darduma a kai, ta dama fura da nono mai kauri, tana ta faɗin da ta san da zuwanmu da ta sa an yanka zabo. Ta tambayi lafiyar Alhaji, ta tambayi “ɗiyata Nafisa” har sau uku. A zatonta maganar sa rana ce ta kawo mu. Na sha furar (wannan ma yana cikin abubuwan da nake jin kunya, har na ƙara).

Gwaggo ta fara magana a hankali, tana zagaye-zagaye, tana cewa aure nufin Allah ne, wani lokaci ana so Allah bai nufa ba. Na ga in aka bar ta za mu kai magariba. Sai na gyara zama, na fito da waya, na karɓi zancen.

Na yi bayani kamar ina gaban allo. Na ce mu gidanmu gidan mutunci ne. Na ce abin da mutum ke yi a ɓoye shi ne halinsa. Na matsa kusa da ita ina nuna mata hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ga wannan, ga wannan, duk ɗanki ne ya danna musu zuciya, kuma da asuba. Na ce har wata ya samu suna musayar saƙo, alhali an kai kayansa gidan wasu. Ina magana ina jin daɗin yadda kalmomin ke fita a jere.

Inna Hurera ba ta katse ni ba. Tana dai kallon wayar, tana matso da fuska. A kan wani hoto har ta sa yatsa ta tsayar da ni, ta ƙura masa ido, sannan ta janye hannun da sauri. Da na gama sai ta tashi ta je wurin keken, ta jawo 'yar durowar da ake ajiye zare da allura, ta fito da wata babbar waya mai fasasshen gilashi, an ɗaure bayanta da kyauron roba. Ta dawo ta zauna, ta ajiye ta a tsakiyar tabarma.

“Ɗiyata,” ta ce, “wayar ga ta nan. Shekara ukku tana wurina. Ni ce ke danna abin nan.”

Ban gane ba da farko, ko kuma in ce na ƙi ganewa. Sai ta yi mana bayani. Ta ce da aka tura Sada aikin daji, inda babu wuta babu sabis, sai ya sayi ƙarama ya bar mata wannan. A lokacin ɗinki ya fara guje mata, don amaren yanzu ba sa son irin yankan da ta iya, sai su zo da hoto a waya su ce irin wannan suke so, in ta kasa su tafi wurin samarin teloli na bakin kasuwa. Shi ne Sada ya nuna mata inda za ta riƙa ganin sababbin ɗinkuna. Ita ba ta yi boko ba, amma ta lura in ta danna jan abin nan a ƙasan riga, gobe sai a kawo mata irinta da yawa. Da asuba take dubawa don lokacin ne sabis ke da ƙarfi a gidan, kuma ido bai gaji ba. Ta ce ita wallahi ko fuskokinsu ba ta kallo, wuya take dubawa da hannu da yadda aka kama ƙugu. Da wannan wayar ta dawo da masu kawo mata ɗinki, da kuɗin ɗinkin kuma aka sayi turmi biyu cikin ukun da ke akwatin.

Sai hawaye suka zubo mata. Ba ta yi mana faɗa ba, ba ta ce mun yi wa ɗanta ƙazafi ba. Cewa ta yi, “Ashe ni na kashe mashi aure da yatsana. Yaron da bai taɓa sa ni kuka ba. Ku yi mani rai, ku faɗa ma Alhaji laifina ne. Wayar kau ku tafi da ita, na bar ɗinkin zamanin.”

Na so ƙasa ta buɗe. Amma Allah bai gama da ni ba.

Ta share ido da gefen zane, ta ɗauki wayar, ta lalubo wurin saƙonni da yatsa ɗaya. Ta ce akwai wata yarinya da ta yi kwana biyu tana aiko rubutu, ita kuma ba ta san abin da ake cewa ba, sai ta riƙa danna mata hannu da zuciya don kada ta ga an share ta, tana jira Sada ya dawo ya karanta mata. Ta miƙo mini wayar da hannu biyu.

“Ke da ke malama, karanta mani. In san mi na amsa, in san haƙurin da zan ba ɗiyar mutane.”

Na ce ai ba sai an karanta ba, shirme ne kawai. Gwaggo ta ce, “Karanta mata.” Ta buɗe jaka tana neman tabarau (ranar Litinin da na nuna hujjojina tana wurin, amma ta manto shi a gida, abin da ya cece ni ke nan).

Na karanta. Da bakina, da muryar da nake karanta wa ɗalibai sanarwa. Na karanta “Salam, na ga kana son hotona.” Na karanta “Gaskiya ka kwanta mini a rai.” Na karanta “Kai ne ruwan randa a zafin zuciyata.” Da na iso “In ka fasa da waccan ni ina nan, ni Gimbiya ba na ƙyamar mai warin shanu,” sai na sauke wayar. Inna Hurera ta riƙe haɓa tana salati a hankali, tana cewa Allah sarki, yarinya ta saka rai.

Gwaggo ta ɗora tabarau a hanci, ta karɓi wayar, ta buɗe hoton Gimbiya. Ta kalle shi. Ta kalle ni ta saman gilashi. Ta sake kallon hoton.

“Wannan atamfar,” ta ce, “ba ita ce na ba ki ba da kika haifi na biyu?”

Na ce atamfa ai iri ɗaya tana da yawa a kasuwa.

“Tau. Labulen fa? Da ƙunar dutsen guga daga gefen hagu, shi ma da yawa a kasuwa?”

Babu inda zan bi. Ga tsohuwa tana kuka a kan laifin da ba nata ba, ga Gwaggo da tabarau. Na sunkuyar da kai na ce ni ce. Na ce babu wata ƙawa, ni na buɗe shafin, ni na rubuta, ni na je na yi wa Alhaji ƙarya. Ina faɗa ina kuka irin mai majina, ba irin na fim ba. Na durƙusa na kama ƙafar Inna Hurera na ce ta yafe mini, na zo har ɗakinta na sha furarta na ci mutuncin ɗanta.

Sai na ji hannunta a kaina.

“Tau ai gara da ke ce,” ta ce. “Ni tunanina wace ɗiya ce na sa ma rai a banza. Tashi. Wanda bai damu da ƙanwa tai ba ai ba ya wannan wahalar.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma da kin zo kin tambaye ni, da kin huta da rubutu.”

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da wata riga a rataye, an lulluɓe ta da tsohon zane. Ta yaye. Wuya mai tattara, hannu mai faɗi, sak irin tawa, sai dai wannan ruwan hoda ce. Ta ce tun ranar da ta ga hoton ta ce wannan yankan zai yi wa Nafisa kyau, ta yanka mata cikin atamfar da ta daɗe tana ɓoyo. Abu ɗaya ya tsayar da ita, hoton bai nuna baya ba. Shi ya sa take ta danna wa Gimbiya babban yatsa, ko Allah zai sa ta juya.

“Yanzu tunda ga ki,” ta ce, tana warware tef daga wuya, “bayan zif ne ko maɓalli?”

Gwaggo ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata a cinya. Ni kuwa, da hawaye da majina, na ce zif ne. Ta ce har ƙugu ko rabin baya? Na ce har ƙugu.

Kafin mu tafi Inna Hurera ta sake miƙo mini wayar ta ce in goge rubutun da hannuna. Ta ce ɗanta bai gani ba, kuma daga bakinta ba zai ji ba, don gobe ni ce babbar yaya a wurinsa, dole ya iya gaishe ni. Na goge. Ta raka mu har ƙofa, ta ga akwatin da direba ya buɗe but zai gyara masa zama, ta kawar da kai kamar ba ta gani ba.

Da muka iso gida Gwaggo ta hana direba taɓa akwatin. Ta ce wanda ya fitar da shi zai mayar. Haka na ɗauko shi a ka, ni malama guda, na ratsa zaure na wuce Alhaji da Kawu Lawal suna zaune, na kai shi ɗakin Nafisa. Sannan na dawo na durƙusa na maimaita karatuna, wannan karon babu allo babu gadara. Da Alhaji ya buɗe baki, wurin Kawu ya fara juyawa ya ba shi haƙuri, ba wurina ba. Ni abin da ya ce mini kawai shi ne, shi da ya yarda da waya ya bar maganar mutumin da ya taka da ƙafarsa, ya fi ni laifi. Wannan ta fi mini zafi a kan zagi.

Nafisa ce ta fi ba ni wahala, don ba ta yi fushi ba. Da na gama ba ta haƙuri sai ta ce, “Ai na faɗa maki mai tocila gare shi, Yaya.” Shi ke nan. Ta buɗe akwatin ta fito da kayan tana jerawa, sai ga ta tana neman abinci.

An yi biki bayan sallar layya. Ranar kai amarya Nafisa ta sa rigar ruwan hoda, da zif har ƙugu. Inna Hurera ta cika alƙawari, har yau Sada in ya gan ni sunkuyar da kai yake ya ce “Yaya, ina wuni,” ban taɓa ganin alamar ya sani ba. Sai dai Gwaggo Tabawa ba ta yi wa kowa alƙawari ba. Kafin a gama biki duk matan danginmu sun haddace maganar ruwan randa. Maigidana ya ji, ya yi kwana biyu yana cin magani, a na uku ya tambaye ni shi wane laifi ya yi da shekara tara ba a taɓa kiransa ko ruwan buta ba. Yanzu a gidanmu babu mai kirana da sunana, har 'ya'yan ƙannena Anti Gimbiya suke cewa, kuma ina amsawa.

Na rufe ofishin binciken da na buɗe a ɗakin malamai. In aka miƙo mini waya aka ce in duba wane, sai in ce ban san wanda ke riƙe da wayarsa ba, a nemi takalmi a je unguwarsu, a sha shayi, a gaida uwarsa. Shafin Sada kuma na canza masa suna da hannuna, na cire hotonsa da bijimin na sa na keken ɗinki.

Har yanzu duk ranar da na sa hoton sabuwar riga, ana idar da sallar asuba zan ga jar zuciya daga Kurfi. Ba na fassara ta. Tashi nake in ba maigida waya, in juya masa baya ya ɗauka, in tura wa Inna Hurera.